Ibnun Nadim, Mai Sayar da Littattafai na Bagadaza

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ya yi wa ilmi hidima daga cikin kasuwa, watau Abul Faraj Muhammadu ɗan Ishaƙa, wanda aka fi sani da Ibnun Nadim.

Ya rayu a Bagadaza cikin ƙarni na 4 na Hijira. Mahaifinsa warraƙi ne, ma'ana mai juyar littattafai da hannu yana sayarwa, shi kuma ya gaji sana'ar. Ya yi karatu wurin manyan malamai irin su Abu Sa'id Assirafi, masanin nahawu.

Da yake littattafai tsofaffi da masu wuyar samu suna ratsawa ta hannunsa, sai ya riƙa rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da tarihinsa. A shekara ta 377 Hijira, daidai da 987 Miladiyya, ya tara wannan aiki cikin littafinsa Alfihrisat. Ya kasa shi kashi 10, tun daga Alƙur'ani da nahawu da fiƙihu, har zuwa falsafa da addinan sauran al'ummai. Sau da yawa yakan faɗi yawan warƙoƙin littafi, don kada a cuci mai saye da ragaggen kwafi.

Bayan Mongol sun rushe Bagadaza a 1258, da sauran masifun zamani, littattafai masu yawa sun salwanta, sai sunayensu kaɗai suka saura a Alfihrisat. Saboda haka duk wanda ya gaji littattafan iyayensa, ya kiyaye su daga gara da ruwa, ya kuma rubuta sunayensu.

Allah ya jiƙansa, amin.