Rachel Corrie (1979–2003): ɗalibar da ta tsaya gaban katafila a Rafah

Da aka ɗora mini aikin rubuta tarihin wagga baiwar Allah cikin ɗan littafinmu, sai na fara tambayar abokan karatuna a jami'a ko sun san ta. Mafi yawansu sun taɓa ganin hoton bisa WhatsApp: farar yarinya da riga mai ruwan lemu, amsa-kuwwa a hannu, ga katafila gabanta. Sai dai wani ya ce mini ƴar jarida ce, wani kuma ya rantse wai ta musulunta kafin a kashe ta. Duka biyun ba haka ba ne. Ɗaliba ce kamarmu, kuma ba Musulma ba ce. Gara mu san labarin yadda yake tun da mu ne muka ce za mu tuna da ita.

An haifi Rachel Corrie (mu ƴan lakwal muna cewa Rashel) ranar 10 ga Afrilu 1979 a garin Olympia, babban birnin jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka. Kar a haɗa shi da birnin Washington inda fadar shugaban ƙasa take, tsakaninsu akwai dubban kilomita. Olympia ƙaramin gari ne na bakin ruwa, ga itatuwa ga yawan ruwan sama, bai ko kai Tawa yawan jama'a ba. Ita ce auta cikin ɗiya uku. Mahaifinta Craig yana aiki a kamfanin inshora, mahaifiyarta sunanta Cindy. Gida ne na masu rufin asiri, babu wanda ya san su da harkar Gabas ta Tsakiya.

Tana shekara goma, a aji biyar na firamare, ta tashi gaban manya ta yi jawabi bisa yunwa a duniya. Bidiyon yana nan har yanzu. Burinta a lokacin shi ne a kawar da yunwa kafin shekara ta 2000. Mu mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, da iyayenmu suke ba mu labarin 2005, mun san yadda burin nan ya ƙare. Amma dai yarinyar ta nuna tun da wuri inda hankalinta ya karkata.

Bayan sakandare ta shiga kwalejin Evergreen ta garinsu, makarantar da ake barin ɗalibi ya tsara wani ɓangare na karatunsa da kansa. Ta ajiye karatu shekara guda ta yi aikin sa kai na kare muhalli, kuma ta share shekaru tana kula da masu taɓin hankali. Rubutu shi ne abin da ta fi so, kullum da ɗan littafinta tana zuba abin da ke ranta. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, da Amurka ta shiga kiɗan yaƙi, sai ta shiga ƙungiyar masu neman zaman lafiya ta garin. A wani bikin shekara-shekara da mutanen Olympia kan fito da shigar dabbobi da tsuntsaye, ita ta tara jama'a suka yi shigar kurciyoyi. A shekararta ta ƙarshe ta kawo wa malamanta shawara: za ta tafi Gaza ta ƙulla zumunci tsakanin Olympia da garin Rafah, irin tagwaitakar nan da muke gani tsakanin garuruwanmu da na Faransa, har yaran makarantu su riƙa rubuta wa juna wasiƙa.

To, wane hali Rafah take ciki a lokacin? Zirin Gaza duka tsawonsa kilomita 41 ne, bai kai tafiyar Maraɗi zuwa Gidan Rumji ba. Rafah tana can ƙarshen kudu, jikin iyakar Masar, kuma tun 1982 iyakar ta tsaga garin gida biyu. Mafi yawan mazaunanta ƴan gudun hijira ne da jikokinsu, waɗanda aka kora daga garuruwansu a 1948. Intifada ta biyu ta ɓarke a Satumba 2000, jini ya zuba ta kowane ɓangare, sojojin Isra'ila suna kai samame, ƙungiyoyin Falasɗinawa suna tayar da bama-bamai cikin motocin haya da gidajen abinci. Lamarin ya yi tsanani har Nijar, zamanin shugaba Tandja Mamadou, ta yanke hulɗa da Isra'ila a Afrilu 2002. A Rafah kuwa sojoji sun sa gaba wajen rushe gidajen da ke kusa da iyaka, suna cewa ta ƙarƙashinsu ake haƙa ramukan shigo da makamai daga Masar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bincike a 2004, ta ce mutum 16,000 ne suka rasa muhallinsu a Rafah cikin shekara huɗu, wato sama da kashi goma cikin ɗari na mutanen garin, kuma ta ce an rushe mafi yawan gidajen ba tare da wata larura ta yaƙi ba.

Rachel ta bi ta hannun wata ƙungiya da ake kira ISM, wadda Falasɗinawa da wasu baƙi suka kafa a 2001, cikinsu har da Yahudawa. Ku riƙe wanga batu, don wasunmu idan an ce Bayahude sai su haɗa kowa cikin buhu guda. Dabarar ƙungiyar mai sauƙi ce kuma mai haɗari: ɗan ƙasar waje ya tsaya, hannu wofi, tsakanin soja da farar hula, bisa zaton soja zai ji nauyin taɓa mai fasfo na Amurka ko Ingila. Ta isa ƙasar cikin Janairu 2003, aka ba ta horo na kwana biyu, kafin ƙarshen watan tana Rafah.

Abin da ya rage mata a duniya mako bakwai ne, kuma yawancinsa aiki ne marar armashi. Tana kwana cikin gidajen da ake jin tsoron za a rushe, tare da iyalan gidan. A ƙarshen Janairu katafilolin soja sun lalata manyan rijiyoyi biyu da ke ba garin fiye da rabin ruwansa, ɗaya daga ciki da kuɗin ƙasar Kanada aka gina ta. Ma'aikatan ruwa na magajin gari in suka zo gyara sai a buɗe musu wuta, sai Rachel da abokanta su tsaya kusa da su da kyallaye, wani lokaci su kwana bakin rijiyar. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka cikin watan bazara ya san mene ne a ce gari guda ba ya samun ruwa sai ƴan awoyi, kwana ɗaya bayan ɗaya.

Wasiƙun da ta riƙa aika wa mahaifiyarta ta intanet su ne suka sa aka san ta da kyau, don jaridar Guardian ta Ingila ta buga su bayan rasuwarta. Ciki ta bayyana cewa duk karance-karancen da ta yi ba su shirya ta ga abin da idonta ya gani ba. Ta ba da labarin yara da ke tare ta suna tambayarta Bush da Sharon, suna dariyar guntun Larabcinta, da gonakin da aka baje, da mutanen da ke matsa mata da abinci alhali su ma ba su da shi. Akwai wata tsohuwa da ta zaunar da ita ta yi mata faɗa bisa shan taba, da hannu da ido tun da ba su jin harshen juna. Ba ta ɓoye tsoro ba, ta faɗa wa uwarta tana mafarkin tankoki da katafila. Abin da ya fi cin ranta shi ne da harajin mutanen ƙasarta ake sayen kayan aikin. Ranar 15 ga Fabrairu, ranar da duniya ta fito zanga-zangar ƙin yaƙin Iraƙi, an ɗauke ta hoto tana ƙona tutar Amurka ta takarda gaban yaran Rafah. Masu sukarta sun riƙe hoton nan gam, har yau da shi suke kafa hujja cewa ba zaman lafiya ya kai ta ba.

Ranar Lahadi 16 ga Maris 2003, katafila biyu da motar sulke suka shigo wata unguwa ta bakin iyaka. Kalmar katafila da muke faɗa da Hausa daga sunan kamfanin Caterpillar ta fito, kuma wadda ake magana ƙirar kamfanin ce, samfurin D9, an lulluɓe ta da sulke, nauyinta ya haura tan 50. Rachel da abokanta bakwai, Amurkawa da Turawan Ingila, sun share awoyi suna tare musu hanya. Wajen ƙarfe biyar na marece ɗaya ta nufi gidan wani mai farmasi, gidan da Rachel ta sha kwana ciki, ta san yaran da sunayensu. Ta sha gabanta, sanye da rigar nan mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya. Abokanta da ke wurin sun shaida cewa ta hau tarin ƙasar da katafilar ke turowa har ta kai inda direba zai gan ta, ƙafarta ta zame, ƙasa ta rufe ta, injin ya bi ta kanta ya kuma dawo da baya, su kuwa suna ihu suna ɗaga hannu. Motar asibiti ta kai ta asibitin Najjar, can rai ya yi halinsa. Shekarunta 23. Kwana huɗu bayan haka Amurka ta afka wa Iraƙi, labarin ya nutse cikin ƙarar yaƙi.

Rundunar Isra'ila ta ce hatsari ne. A cewarta direban ba ya gani sosai ta ƴar tagar sulke, ba rushe gida aka je yi ba ranar, share fili ne, kuma laifin na waɗanda suka shiga filin daga ne. Firaminista Ariel Sharon ya yi wa shugaba George Bush alkawarin cikakken bincike a fili. Binciken ya wanke sojoji. Jami'an Amurka da kansu, har da shugaban ma'aikatan ofishin Colin Powell, sun ce binciken bai cika alkawarin da aka yi ba, amma gwamnatinsu ba ta buɗe nata ba. Ni dai da na karanta bayanan ɓangarorin biyu, abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen nan sun yi awoyi suna gaban injinan, sojoji sun san suna nan, kuma ba a tsayar da aikin ba.

Iyayenta suka shiga kotu. A 2005 sun kai ƙarar gwamnatin Isra'ila, suna neman diyyar dala ɗaya tak, dalar Amurka, wadda ba ta kai jikka guda ta kuɗinmu ba, don a gane ba kuɗi suke bi ba. An fara shari'a a Haifa cikin Maris 2010. Direban ya ba da shaida daga bayan labule, iyayen ba su ga fuskarsa ba. Ranar 28 ga Agusta 2012 alƙali Oded Gershon ya kori ƙarar, ya ce ita ta jefa kanta cikin haɗari. Kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Fabrairu 2015. Ƙarar da suka kai kamfanin Caterpillar a Amurka ita ma an kore ta, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2007 tun da gwamnatin Amurka ce ta biya kuɗin injinan, maganar ta siyasar waje ce, ba hurumin alƙali ba. Gidan mai farmasin kuwa an rushe shi daga baya.

Ba ita kaɗai ba ce a wannan shekara. Ƙasa da wata guda bayan mutuwarta aka harbi Tom Hurndall, ɗalibi ɗan Ingila, a ka, yana janye yara daga inda ake harbi a Rafah, ya rasu cikin Janairu 2004. Cikin Mayu aka kashe mai ɗaukar hoto James Miller. Falasɗinawan Rafah da aka kashe a watannin nan sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma ba mu san sunayensu ba. Rachel ta san da wanga bambanci, ta yi maganarsa cikin wasiƙunta.

Yadda ake tunawa da ita ya kamata mu duba, mu da muke shirya taruka. Iyayenta sun kafa gidauniya da sunanta a Olympia, kuma kowace 16 ga Maris mutanen garin kan taru. Majalisar garin ta ƙi amincewa da tagwaitaka da Rafah a hukumance a 2007, sai jama'a suka ci gaba da abinsu, suka zana ƙaton itacen zaitun jikin wani bango a tsakiyar gari, kowane ganye da hannun wata ƙungiya. Wasu daga iyalan gidan da ta tsaya karewa sun je Amurka sun zagaya tare da iyayenta, ana tara kuɗin sake gini. A Landan an mayar da rubuce-rubucenta wasan kwaikwayo a 2005, wanda wani gidan wasa na New York ya ɗage nunawa a 2006 har abin ya zama rigima. An sa wa wani titi sunanta a Ramallah. Wani jirgin ruwa mai sunanta ya ɗauko siminti da kayan asibiti zuwa Gaza, sojojin ruwan Isra'ila suka tare shi ranar 5 ga Yuni 2010, kwana biyar bayan harin jirgin Mavi Marmara. Wanda ya fi burge ni shi ne na matasan Rafah: gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni da suka riƙa yi da sunanta cikin watan azumi.

Unguwannin da aka buga gasar yawancinsu ɓaraguzai ne yanzu, tun bayan shigar sojoji Rafah a Mayu 2024. A ranar 6 ga Satumba na shekarar kuma, a ƙauyen Beita kusa da Nablus, harsashin sojan Isra'ila ya sami Ayşenur Ezgi Eygi a ka. Ƴar shekara 26 ce, ƴar asalin Turkiyya mai takardar zama ƴar Amurka, ta zo ta hannun ISM, kuma watanni uku ke nan da gama karatunta a jami'ar Washington, a jihar su Rachel. Rundunar ta ce ba da gangan ba ne. Craig da Cindy Corrie, da furfurarsu, suna cikin waɗanda suka fito suna neman Amurka ta yi bincike mai zaman kansa.