Ken Tyrrell, Ɗan Kasuwar Katakon Da Ya Fito Da Motar Tsere Mai Taya Shida

Duk wanda ya saba zama a bakin iyaka ya san cewa yawan taya na manyan motoci ne, tirela da gingimari masu ɗauko buhunan albasa da wake, waɗanda ake ƙara musu ƙafa domin su iya da nauyin kaya. To amma a shekarar 1976 an ga wata 'yar ƙaramar mota mai ɗaukar mutum ɗaya tak, wadda ba ta ɗaukar ko da buhu guda, ta shiga gasar Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, da taya shida, huɗu a gaba biyu a baya, har ma ta ci tsere. Mai wannan mota shi ne marigayi Ken Tyrrell, mutumin Ingila wanda asalin sana'arsa sayar da katako ce.

An haifi Robert Kenneth Tyrrell ranar 3 ga watan Mayu na shekarar 1924 a yankin Surrey da ke kudu da birnin Landan. Ya yi aiki da rundunar sojan sama ta Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma bayan an gama yaƙin sai shi da ɗan'uwansa suka kama sana'ar sare itatuwa da sayar da katako, abin da ya sa abokansa suka yi masa laƙabi da mai saran itace. Da kuɗin katakon ya sayi ƙaramar motar tsere ƙirar Cooper a farkon shekarun 1950, ya yi ta gwada sa'arsa. Bayan wasu shekaru ya gane cewa hannunsa a kan sitiyari ba zai kai shi sahun gaba ba, amma yana da ido wajen gane direba nagari da kuma iya riƙe mutane. Saboda haka ya ajiye tuƙi, ya kafa ƙungiyar tsere a shekarar 1960, a cikin wata rumfar katako da ke filin sana'arsu a ƙauyen Ockham.

Idon nan nasa ne ya kai shi ga wani matashi ɗan ƙasar Sikotland mai suna Jackie Stewart, wanda ya gwada a filin Goodwood a 1964 ya ɗauke shi nan take. Abin da zai burge ɗan kasuwa a nan shi ne, a mafi yawan shekarun da suka yi tare, da musafaha kawai suke ƙulla ciniki, ba tare da takardar yarjejeniya ba. A 1968 suka shiga Formula 1 da motar kamfanin Matra na Faransa mai ɗauke da injin Ford Cosworth, a shekarar da ta biyo baya kuwa Stewart ya zama zakaran duniya.

Daga nan sai matsala ta taso. Kamfanin Matra ya nace sai an koma amfani da injinsa, su kuwa Tyrrell da Stewart sun fi amincewa da na Ford. Tyrrell ya sayi motar March ya lallaɓa da ita a 1970, a ɓoye kuma ya sa wani injiniya mai suna Derek Gardner ya zana masa tasa motar. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma mai sayar da katako ya fi kowa sanin haka. A 1971 motar Tyrrell ta lashe kambun masu ƙera motoci, Stewart kuma ya sake zama zakara, ya ƙara maimaitawa a 1973. Sai dai shekarar ta ƙare da juyayi, domin ranar 6 ga Oktoba direbansu na biyu, Bafaranshe François Cevert, ya mutu a haɗari lokacin atisaye a Watkins Glen ta Amurka. Ƙungiyar ta janye daga tseren, Stewart kuma ya yi ritaya da nasarori 27, waɗanda 25 daga ciki tare da Tyrrell ya same su.

Bayan tafiyar Stewart, Tyrrell ya sami kansa cikin halin da 'yan kasuwa suka sani, wato layi guda kowa na sayar da haja iri ɗaya. Kusan dukkan ƙungiyoyin Ingila injin Cosworth ɗaya suke saye, yayin da Ferrari ta Italiya ke da nata injin wanda ya fi ƙarfi, har direbanta Niki Lauda ya ci gasar 1975. Tunda ba shi da halin ƙera inji, dole ya nemi riba ta wani wuri, kuma a nan ne Gardner ya kawo shawarar taya shida.

Dabarar ita ce kamar haka. Tayoyin motar Formula 1 a waje suke, babu abin da ya rufe su, don haka idan mota tana gudu tayoyin gaba suna karo da iska, suna rage mata sauri, iskar kuma tana neman ɗaga gaban motar sama. Doka ta taƙaita faɗin fiffiken da ke hancin mota zuwa mita ɗaya da rabi, tayoyin da aka saba kuwa sun fi ƙarfin ɓuya a bayansa. Gardner ya ga cewa idan aka rage wilin gaba daga inci 13 zuwa inci 10, tayar za ta lafe a bayan fiffiken. Amma ƙaramar taya ba ta kama ƙasa kamar babba, don haka ya sa guda huɗu a maimakon biyu, dukkansu suna juyawa da sitiyari, kowace da birkinta. Da yake tayoyin sun yi ƙanƙanta har direba ba ya hango su daga mazauninsa, sai aka huda 'yan tagogi a gefen motar domin ya riƙa leƙa su. Kamfanin Goodyear ya yarda zai riƙa ƙera wa Tyrrell waɗannan ƙananan tayoyi shi kaɗai.

An yi aikin a asirce, aka kuma yaye mayafin motar, wadda aka sa wa suna P34, a wani otal kusa da filin jirgin saman Heathrow a watan Satumba na 1975. Da yawa daga 'yan jarida sun ɗauka talla ce kawai. Ta fara tsere a Sifen a 1976 a hannun Patrick Depailler, sannan ranar 13 ga Yuni a filin Anderstorp na ƙasar Suwidin, Jody Scheckter ɗan Afirka ta Kudu ya zo na ɗaya, Depailler na biyu. Har yau ita ce kaɗai mota mai taya shida da ta taɓa cin tseren Formula 1. A ƙarshen shekarar Scheckter ya zo na uku a duniya, Depailler na huɗu. Duk da haka Scheckter bai ɓoye ƙin jinin motar ba, ya bar ƙungiyar, daga baya ya zama zakaran duniya da Ferrari a 1979.

Shekarar 1977 ce ta tona asirin raunin. Goodyear na samar wa kusan kowace ƙungiya tayoyi, yana kuma inganta na gama-gari tsere bayan tsere, amma ƙananan tayoyin da mai saye ɗaya ne kawai ke buƙata sai aka bar su a baya. Ƙaramar taya kuma tana yin zagaye fiye da babba a tafiya guda, tana saurin ɗaukar zafi da cinyewa, birkin gaba ma yana zafi. Domin gyara sai aka faɗaɗa gaban motar, tayoyin suka fito daga bayan fiffiken, nauyi ya ƙaru, amfanin farko ya ɓace. Ko zuwan gwanin direba Ronnie Peterson bai hana su gama shekarar babu nasara ko ɗaya ba. Gardner ya bar aiki, Tyrrell ya koma taya huɗu, Depailler kuma ya ci tseren Monako a 1978. Mota tasa ce, rumfa tasa ce, amma tayar da dukan dabarar ta dogara a kanta a hannun wani take.

Wasu ma sun gwada tasu hanyar. March ta ƙera mai taya huɗu a baya, Ferrari ta jera taya bibbiyu a kowane gefen baya kamar na babbar mota, Williams kuma ta gwada tata a 1981 da 1982. Babu wadda ta shiga tseren Formula 1 a cikinsu, kuma daga 1983 hukumar wasan ta kafa dokar cewa taya huɗu ce kawai, biyu ne kuma za su ja mota.

Inda P34 ta yi tsawon rai shi ne a kasuwar kayan wasa. Mutanen Japan sun ƙaunace ta tun da Depailler ya zo na biyu a filin Fuji a 1976. A 1977 kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka ya fito da ƙaramin samfurinta mai kashi ɗaya cikin goma na girmanta, wanda ke aiki da batir ana sarrafa shi da rimot. Ita ce ta uku a jerin motocin rimot na kamfanin, bayan Porsche guda biyu. A kwali ake sayar da ita gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da kansa, kuma kamfanin ya sake fito da ita sau da dama a shekarun da suka biyo baya. Ya ma ajiye ainihin P34 guda a hedkwatarsa.

Shi kuwa Tyrrell ya ci gaba da fafatawa da ƙaramin jari a wasan da kuɗinsa ke ta hauhawa. Nasararsa ta ƙarshe ita ce ta Michele Alboreto a Detroit a 1983. A 1984 aka soke dukan sakamakon ƙungiyarsa bisa zargin saɓa doka wajen nauyin mota, zargin da ya musanta. A 1990 injiniyoyinsa suka fito da mota mai ɗagaggen hanci, salon da sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya. A ƙarshen 1997 ya sayar da ƙungiyar ga masu kafa British American Racing, wadda ta koma Honda, sannan Brawn, daga 2010 kuma ta zama Mercedes.

Kafin rasuwarsa ya ga an wanke dabarar Gardner. Kamfanin Avon ya ƙera sababbin tayoyi masu inci 10 domin gasar tsofaffin motoci, kuma a shekarar 2000 direba Martin Stretton ya lashe wannan gasa da P34. Ken Tyrrell ya rasu ranar 25 ga Agusta na 2001 sakamakon ciwon daji, yana da shekara 77 a duniya.