Dorugu: Ɗan Talakan Da Ya Ga Duniya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san tafiya. Wataƙila ka taɓa hawa keke daga ƙauyenku zuwa kasuwar Tasawa ko ta Mayahi. Wataƙila ka taɓa zuwa cin rani Kano, ko Legas, ko Abijan, har ka ga teku da idonka. Ka san yadda mai ƙaramin guzuri yake lissafin kowane dala a hanya.

To, yau ga labarin wani Bahaushe da ya riga mu duka nisan tafiya. Sunansa Dorugu. Ya yi tafiyarsa tun babu mota, tun ba a ƙera keke irin namu ba. Ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan attajiri ba ne. Amma ya je Tumbutu, ya ƙetare Sahara, ya hau teku, ya zauna Ingila. Abin da ya fi wannan duka, labarinsa bai ɓace ba. Karanta a hankali ka ga dalili.

Asalinsa

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840, a wani ƙauye da ake ce wa Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Ka ga ke nan maƙwabcinmu ne, nan gabas da mu. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi.

Zamanin nan ba zamanin kwanciyar hankali ba ne. Mahara sukan faɗa wa ƙauye, su kwashe mutane, su kai kasuwa su sayar kamar dabbobi. Haka ta faru da Dorugu. Bai fi shekara 12 ba aka kama shi. Aka raba shi da gida da dangi. Aka kai shi Damagaram, daga nan kuma aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno na lokacin, kusa da Tabkin Cadi. Yaro ya zama bawa a ƙasar da bai san harshenta ba.

Baƙin da suka bi ta Tasawa

Yanzu mu bar Dorugu a Kukawa, mu dawo gida kaɗan.

A shekara ta 1850 gwamnatin Ingila ta aiko Turawa uku su ga ƙasashenmu, su rubuta abin da suka gani. Sun taso daga Tarabulus, suka ratso hamada, suka biyo ta Abzin. Shugabansu James Richardson, mutumin Ingila. Sauran biyun Jamusawa ne. Ɗaya Heinrich Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim. Ɗayan kuma Adolf Overweg, wanda ake kira Tabib, wato mai magani.

A watan Janairu na 1851 suka rabu a ƙasar Damargu. Richardson ya nufi Damagaram, amma ajali ya same shi kafin ya isa Kukawa. Abdulkarim da Tabib suka sauka nan Tasawa. Abdulkarim ya zaga gari, ya shiga kasuwa, ya rubuta yadda mutane suke zaune. Daga nan ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Shi ko Tabib ya yi yamma, ya ziyarci Maraɗi da Gobir. Daga baya suka sake haɗuwa a Kukawa.

A can ne Tabib ya samu Dorugu. Ya ƴanta shi, ya ɗauke shi aiki. Ya kuma ƴanta wani yaro, Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Tabib mutum ne mai son bincike. Har jirgin ruwa suka zo da shi gunduwa-gunduwa bisa raƙuma, aka haɗa shi, ya shiga Tabkin Cadi da shi. Amma bai daɗe ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya mutu a watan Satumba na 1852. Sai yaran biyu suka koma hannun Abdulkarim.

Hanyar Tumbutu

A watan Nuwamba na 1852 Abdulkarim ya ɗaura aniyar zuwa Tumbutu. Dorugu da Abbega suna cikin ayari. Suka bi ta Damagaram, suka faɗa Katsina, ta hanyar da ba ta da nisa da mu. Daga Katsina sai Wurno da Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Daga nan sai Gwandu. A watan Yuni na 1853 suka ƙetare Kogin Kwara a garin Sayi. Ranar 7 ga Satumba, 1853, suka shiga Tumbutu.

Ƙidaya da yatsunka. Daga Nuwamba zuwa Satumba, wata tara da ɗoriya ke nan suna hanya.

Za ka ce, da me suke ci? Ai Bature ne, kuɗi gare shi. To, ba haka ba ne. Abdulkarim ya sha talauci a tafiyar nan. Saƙon kuɗi daga Turai yakan yi watanni bai iso ba, har ya ci bashi wurin fatake. Kuɗin lokacin wuri ne. A Kano, wuri 2,500 ne suke daidai da riyal ɗaya na azurfa. Wuri kuwa nauyi gare shi, kuma ba ko'ina ake karɓarsa ba. Saboda haka matafiyi yakan mai da dukiyarsa haja. A Katsina suka sayi riguna da turkuɗi, saƙar Kano da ta Nufe. Suna kuma riƙe da ƙananan kaya irin su allura. In sun sauka gari, sai su ba da haja su karɓi hatsi, ko nono, ko masauki. Mai gari kuma sai an yi mishi gaisuwa kafin a wuce.

Aikin yara irin su Dorugu shi ne aikin da ba a yabo. Ɗora kaya, sauke kaya, kula da dabbobi, neman ruwa da itace, zuwa aike. Amma yaron nan idonsa buɗe yake, kunnensa kuma buɗe. Duk garin da suka shiga yana lura da abincin mutane, da tufafinsu, da halinsu. Ba shi da alƙalami. Kansa ne littafinsa.

Tumbutu ba ta zo musu da sauƙi ba. Kafin su isa, sai da Abdulkarim ya ɓad da kama, ya ce shi Balarabe ne. Da aka gane Nasara ne, wasu suka nemi a kore shi ko a kashe shi. Wani babban malami, Shehu Ahmadu al-Bakkayi, shi ya tsaya mishi, ya ce baƙonsa ne, ba mai taɓa shi. Sai a watan Mayu na 1854 suka samu suka kamo hanyar komowa. Suka bi bakin kogi ta Gawo, suka dawo Sayi, da Sakkwato, da Kano. A watan Disamba suka isa Kukawa. Shekara biyu cur ke nan da fitarsu.

Sahara da teku

A watan Mayu na 1855 Abdulkarim ya tashi komawa gida, ya tafi da yaran biyu. Suka yi arewa, ta Bilma, ƙasar gishiri da dabino, har Murzuk. Lokacin tsananin zafi ne. Rijiya da rijiya kwanaki ne tsakani. Wannan hanya ita ce wadda ake kora bayi zuwa kasuwannin arewa. Kusa da wasu rijiyoyi, ƙasusuwan waɗanda suka gaza suna nan zube cikin rairayi. Ka tuna, Dorugu ma dā bawa ne a Kukawa, inda ayarin bayi yake tashi. Ya bi hanyar nan yana ɗa, wasu sun bi ta da igiya a wuya.

A ƙarshen watan Agusta suka isa Tarabulus, a bakin Bahar Rum. Yaron da ya tashi inda ruwa sai rijiya da tabki, yau ga shi gaban ruwan da ba a hangen ƙarshensa. Suka shiga jirgin ruwa mai hayaƙi zuwa tsibirin Malta, daga nan zuwa Marsai a ƙasar Faransa. Suka bi ta Paris. Ranar 6 ga Satumba, 1855, suka sauka Landan.

Dubi wannan. Daga Kukawa zuwa Tarabulus, da raƙumi da doki, sun yi fiye da wata uku. Daga Tarabulus zuwa Landan, da jirgin ruwa da jirgin ƙasa, ko mako biyu ba su cika ba. Lokacin nan Dorugu bai wuce shekara 16 ba.

Yadda bakinsa ya zama littafi

Abdulkarim ya kai su ƙasarsu Jamus, suka ga gari. Daga baya suka koma Ingila, wurin wani malamin addinin Kirista mai suna James Frederick Schön. Ana faɗin sunan Shon. Mutumin nan ya daɗe yana son Hausa. Ya fara koyonta a Saliyo, wurin Hausawan da aka ƴanto daga jiragen bayi. Amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya samu Dorugu, sai ya samu rijiya a ƙofar gida.

Suka zauna aiki. Dorugu yana faɗa, Shon yana rubutawa. Ya ba shi kalmomi. Ya ba shi tatsuniyoyi. Ya ba shi labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan. A gidan nan Dorugu ya koyi karatu da rubutu, ya ji Turanci. A nan kuma ya shiga addinin maigidansa, aka sa mishi suna James Henry.

Kada ka ɗauka Hausawa ba su da rubutu kafin nan. Malamanmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami. Abin da yake sabo shi ne rubuta ta da baƙaƙen boko, irin waɗannan da kake karantawa yanzu. Shon ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876. A 1885 ya fitar da littafin da ake kira Magana Hausa. A cikinsa ne labarin Dorugu yake. Sunan Shon ne a bangon littattafan nan, amma Hausa mai yawa da ke ciki daga bakin yaron Dambanas ta fito. Hausar Damagaram ce, ƴar'uwar wadda muke yi a Tasawa da Mayahi.

Ga wani abin daɗi. Turawa sun saba zuwa su dube mu, su rubuta yadda muke. A labarin Dorugu abin ya juya. Bahaushe ne ya dubi Turawa. Ya faɗi yadda suke zama cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu. Ya faɗi irin tufafin matansu da al'adun gidajensu. Abin da ya ba shi mamaki ya faɗa, abin da ya ba shi dariya ma ya faɗa.

Komowa gida

Abbega ya riga shi dawowa, a 1857. Daga baya har ya yi sarautar Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Dorugu kuwa sai a 1864 ya komo. Ya ci abinci da harshensa da karatunsa, yana yi wa Turawa tafinta.

Da tsufa ya zo, ya zauna Kano. A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda Hausawa suke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, nan Kano. Dorugu yana cikin masu koyarwa. Wanda aka taɓa sayarwa a kasuwa, ga shi yana koya wa ƴaƴan manya baƙi da wasali. A Kano ya mutu, a shekara ta 1912, yana da shekara 70 da ƴan kai. A 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake buga labarinsa da Turanci, duniya ta ƙara saninsa.

Abin da za mu ɗauka

Ɗan'uwa, ba Dorugu kaɗai ne ya bi Abdulkarim ba. Akwai masu jan raƙuma, da masu nuna hanya, da masu dafa abinci. Su ma sun sha rana, su ma sun ga Tumbutu. Fatakenmu kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro. Alhazanmu sun tafi Makka a ƙasa, wasu shekara da shekaru kafin su dawo. Kowanensu ya zo da labari cike da baki. Ya ba ƴaƴansa, ƴaƴan suka ba jikoki rabi, daga nan sai shiru. Na Dorugu ya tsira don an sa shi a takarda.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne. Amma ilimin da ke cikin kai kaɗai, ranar da aka rufe mai shi, tare ake rufe su.

Dorugu sai da ya je Ingila kafin ya samu mai rubuta mishi. Kai ko, alƙalami ya iso har ƙauyenku, kuma hannunka ne zai riƙe shi. Ke ma ƴar'uwa, da ke ake. Samu ɗan littafi. Rubuta tafiya ɗaya da ka taɓa yi, ko da ta keke ce zuwa kasuwa. Sa ranar da ka tashi. Sa garuruwan da ka wuce. Sa abin da ka kashe, da wanda ya ba ka ruwa a hanya. In akwai tsoho a gidanku da ya yi tafiya mai nisa, zauna kusa da shi, yana faɗa kana rubutawa. Kada ka jira sai rubutunka ya yi kyau. Layi biyar a yau sun fi shafi goma da ba a rubuta ba.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Dorugu?
2. A wace shekara Abdulkarim da Tabib suka sauka Tasawa?
3. Da me matafiya suke sayen abinci in ba a karɓar wuri?
4. Me ya sa labarin Dorugu bai ɓace ba?
5. Rubuta layi biyar a kan tafiya mafi nisa da ka taɓa yi.