Marigayiya Ladi Kwali, Gwanar Ginin Tukwane

Duk wanda ya juya bayan takardar Naira 20 zai ga wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa a ƙauyen Kwali wajen 1925.

Tun tana yarinya ta ƙware, har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa ajiye tukwanenta a fada. A nan Baturen nan Michael Cardew ya gan su. Cikin 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja, wato Suleja ta yanzu. Ita ce mace ta farko a wurin.

Ta koyi gashin zamani da shafe mai ƙyalli, amma ba ta yar da zanen gida ba: kunama, ƙadangare, kada da kifi. Da su tulun ruwan Gwari ya kai Ingila da Amurka.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna cikin 1984. Kowa ya riƙe na gida bai yi asara ba.