Abdulkarimu Bature, baƙon da bai daɗe a Yola ba

Wannan Juma'ar za mu waiwayi wani matafiyi da ya taka garin nan tun kakannin yawancinmu ba su kawo kaya Jimeta ba. Sunansa Heinrich Barth, Bajamushe ne, an haife shi a Hamburg a 1821. A ƙasashenmu Abdulkarim ya riƙa kiran kansa, kuma yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci a hanya.

A 1850 ya taso daga Tarabulus tare da Richardson da Overweg, gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Tun tafiya ba ta yi nisa ba ya kusa barin duniya. Kusa da Ghat akwai wani dutse, Idinen, Buzaye suka ce masa gidan aljanu ne, kada ya hau. Bai ji ba, ya tafi shi kaɗai. Ya ɓace, ruwansa ya ƙare, ƙishi ya kai shi har ya tsaga jikinsa ya tsotsi jininsa. Washegari wani Buzu ya bi sawunsa, ya same shi kwance rai a hannun Allah, ya ba shi ruwa. Wato waɗanda ya ƙi jin maganarsu su suka ceto shi.

Ya biyo ta Agadas da Katsina, ya shiga Kano a 1851, inda rini da cinikin tufafi suka burge shi ƙwarai. Daga nan sai Kukawa.

To ga inda abin ya shafe mu. A watan Yuni na 1851 ya ƙetare Binuwai da kwale-kwale a mahaɗarta da Faro, gabas da nan, ya iso Yola ranar 20 ga wata da zazzaɓi a jikinsa. Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama ke sarauta. Matsalar ita ce tare da manzon Shehun Borno ya zo, ga wasiƙu kan rigimar iyaka tsakanin Borno da Adamawa. Lamiɗo kuwa Sakkwato yake bi, kuma Barth ba shi da takardar Sarkin Musulmi. Kwana huɗu aka ce ya koma inda ya fito. Ni dai ban ga laifin Lamiɗo ba. Duk ɗan kasuwa ya san wanda ya rako ka gari shi ake fara dubawa kafin a dubi hajarka.

Da zai nufi yamma a 1853 sai da ya fara ganin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A Tambutu ma ransa ya shiga haɗari, Shehu Ahmad al-Bakkay ya tsaya masa wata da watanni, alhali ya san Kirista ne.

Abokan tafiyarsa biyu duk a ƙasar Borno suka rasu. Shi ya koma Turai a 1855 da yaransa biyu, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, ya rubuta tafiyar cikin littafi mujalladi biyar. Ya rasu a Berlin a 1865 yana da shekara 44.