George Westinghouse: Mutumin da ya ƙirƙiro birkin iska

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tirela ko tankar mai lokacin da direba ya taka birki ya saki, ya san hucin nan mai ƙarfi da ke fita daga ƙarƙashinta. Iska ce da aka matse take samun hanyar fita. Asalin wannan dabara na komawa ne ga wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse, kuma don jirgin ƙasa ya fara ƙirƙiro ta.

An haife shi ranar 6 ga Oktoban 1846 a Central Bridge da ke Jihar New York. Mahaifinsa yana da masana'antar ƙera injinan noma a garin Schenectady, don haka cikin ƙarafa ya tashi. Ya yi aikin soja a yaƙin basasar Amurka, daga nan ya shiga kwaleji, amma watanni kaɗan ya yi ya koma ga sana'ar gidansu. Yana ɗan shekara 19 ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta farko, wani injin tururi.

A wancan zamani tsayar da jirgin ƙasa aikin sayar da rai ne. Kowane tarago da birkinsa, kuma da hannu ake murɗa shi. Idan direba ya busa usur, sai ma'aikatan birki su riƙa gudu a kan rufin taragai suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, jirgi kuwa na tafiya. Da yawa sun faɗo sun mutu. Shi kansa direban yakan hango hatsari a gabansa, amma ba shi da ikon tsayar da abin da yake ja.

Westinghouse ya karanta labarin yadda ake amfani da matsattsiyar iska wajen fasa dutse a aikin ramin Mont Cenis, tsakanin Faransa da Italiya. Sai ya yi tunanin cewa iskar da ke tafiya mai nisa cikin bututu ta motsa inji, za ta iya bin tsawon jirgi ta kama birki. A watan Afrilun 1869 ya samu rajistar birkin iska, kuma a shekarar ya kafa kamfaninsa a birnin Pittsburgh, bai cika shekara 23 ba. Tsarin mai sauƙi ne: famfo a kan jirgi yana tara iska cikin tanki, bututu ya ratsa duk taragai, direba ya buɗe bawul, iska ta tura fistan, fistan ya matsa ƙarfen birki a jikin ƙafar tarago.

Sai dai akwai babban aibi. Idan tiyo ya fashe ko wani tarago ya tsinke, iska ta zurare, birki ya mutu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Gyaran da ya yi a 1872 shi ne, a ganina, ainihin abin da ya cancanci a tuna shi da shi. Ya juya lamarin baki ɗaya. Ya ba kowane tarago ƙaramin tankinsa, ya bar bututun cike da iska a koyaushe, ya kuma sanya wani bawul mai aiki uku da ke lura da ƙarfin iskar. Muddin bututu na cike, birki a sake yake. Da zarar iska ta ragu, ko direba ne ya rage ta ko tiyo ne ya fashe, sai bawul ɗin ya tura iskar tankin tarago zuwa birki. Wato lalacewar da a da take kashe birki, yanzu ita ce ke kama shi. Manyan motocin yau ma wannan manufa suke bi, illa dai su sifirin ne ke danne birki idan iska ta ƙare, shi ya sa tirela ba ta motsawa da safe sai ta tara iska.

Kamfanonin jiragen kaya sun yi ta jan ƙafa saboda tsada. A gwajin da aka yi a Burlington a 1886 da 1887 an ga cewa a dogon jirgi taragan baya kan makara wajen kama birki, su yi karo da na gaba, sai ya sake gyara bawul ɗin ya ƙara masa sauri. A 1893 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar da ta wajabta irin wannan birki a jiragen ƙasa.

Bai tsaya nan ba. A 1886 ya kafa kamfanin lantarki, ya sayi haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla, ya kara da Thomas Edison kan irin wutar da ta dace a raba wa birane, kuma tsarinsa ne ya yi rinjaye. Amma rikicin kuɗi na 1907 ya sa bankuna suka karɓe ragamar kamfanin daga hannunsa.

Ya rasu ranar 12 ga Maris, 1914 a birnin New York yana da shekara 67, da rajistar ƙirƙira fiye da 300 da sunansa. Matarsa Marguerite ta bi shi bayan watanni kaɗan. Kasancewarsa tsohon soja, kabarinsu na maƙabartar Arlington.