Taƙaitaccen Tarihin Shaikha Rahma Al-Yunusiyya, Uwar Makarantar 'Ya'ya Mata a Indonesiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

An haifi Rahma Al-Yunusiyya a shekarar 1900 a garin Padang Panjang da ke yammacin tsibirin Sumatra, a ƙasar da ake kira Indonesiya a yau, lokacin tana hannun Turawan Holan. Mahaifinta, Shaikh Muhammad Yunus, malami ne kuma alƙali. Ya rasu tana ƙarama, sai tarbiyyarta ta koma hannun mahaifiyarta da yayanta Zainuddin Labay, wanda ya buɗe makarantar addini ta zamani a 1915, inda maza da mata ke zama aji ɗaya.

A wannan makaranta Rahma ta lura da wani abu da ya dame ta. Ɗalibai mata sukan yi shiru a gaban maza, kunya ta hana su tambaya, musamman idan an zo babin haila da biƙi da sauran hukunce-hukuncen da suka keɓanta da su. Mace takan gama littafi ba ta warware matsalar tsarkinta ba. Saboda haka ta nemi ƙarin karatu a wajen Shaikh Abdulkarim Amrullah, mahaifin shahararren malamin tafsiri Hamka, ta kuma koyi ungozoma da saƙa.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1923, tana da shekara 23, ta buɗe makarantar mata zalla, wadda aka sani da Diniyyah Puteri. Ta fara a wani sashe na masallacin Pasar Usang da ɗalibai 71, galibinsu matan aure. Daga baya aka samar da wurin kwana saboda masu zuwa daga nesa. Ana karantar da Larabci da fiƙihu da tauhidi, tare da kiwon lafiya da girki da sana'ar hannu.

Jarrabawa ba ta jinkirta ba. Yayanta, wanda shi ne majinginarta, ya rasu a 1924. A 1926 kuma girgizar ƙasa ta rushe ginin makarantar. Rahma ta tara ɗalibanta suka kafa azuzuwa na gora, karatu ya ci gaba. Sannan ta shiga garuruwan Sumatra, ta ƙetara har ƙasar Malaya, tana wa'azi tana neman taimakon Musulmi, har aka tsayar da gini mai ƙarfi.

Babban abin lura a rayuwarta shi ne yadda ta tsare 'yancin makarantar. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi mata tayin tallafi, ta ƙi karɓa duk da tana cikin buƙata, domin ta san wanda ya ba da kuɗi yakan so ya tsara abin da za a karantar. Ta shiga sahun masu adawa da dokar 1932 wadda ta nemi taƙure makarantu masu zaman kansu. Haka kuma ba ta yarda a mayar da ajinta fagen siyasar jam'iyya ba, lamarin da ya raba ta da abokiyar aikinta Rasuna Said. A 1937 ta ƙara da sashen horar da malamai mata, domin mata su riƙa karantar da 'yan'uwansu.

Wannan bai sa ta juya wa al'amuran ƙasarta baya ba. Ta taimaka wa masu fafutukar neman 'yanci, har sojojin Holan suka kama ta a 1949. A zaɓen 1955 ta samu kujerar majalisar dokoki a ƙarƙashin jam'iyyar Masyumi.

A wannan shekara Shaikhul Azhar, Abdurrahman Taj, ya ziyarci makarantar, tsarinta ya burge shi. Da ta je Alƙahira a 1957, Jami'ar Azhar ta karrama ta da laƙabin Shaikha, kuma ana lissafa makarantarta cikin abubuwan da suka zaburar da Azhar wajen buɗe kwalejin mata bayan 'yan shekaru.

Allah Ya yi mata rasuwa ranar 26 ga Fabrairu, 1969, a garinsu. Ba ta bar ɗa na cikinta ba, amma makarantarta tana nan har yau, ta haura shekara ɗari tana yaye mata masu ilimi. Allah Ya jiƙanta, Ya sanya wannan aiki ya zame mata sadaka mai gudana.